Darasi na 9: Maganin Zafi Kafin Aikin Gwiwa

Gwiwa ce ke ɗauke da mutum. Da ita ake huɗa, da ita ake sujada, da ita ake tsugunawa gaban murhu. Idan shekaru suka ja, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwanta yakan cinye, ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Wani kuma faɗuwa ce daga kan babur. In magani da gashi sun kasa, likita yakan ce sai an yi aiki. Mutanenmu da yawa Asibitin Ƙashi na Dala, cikin birnin Kano, ake tura su.

Safiyar aiki, tun ba a shigar da mutum ɗakin tiyata ba, sai ga nas da ƙwayoyi a tafin hannu.

"Baba, ga magani. A sha da ruwa kurɓi ɗaya."

"'Yata, ai ba a taɓa ni ba tukuna. Kuma an ce kada in sa komai a baki."

"Haka ne, Baba. Wannan likita ne ya rubuta. Na zafin da zai zo ne."

Me ya sa ake haka? Jijiyoyi ne ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Idan aka yanka wuri, naman wurin yakan kumbura, jijiyoyin su harzuƙa, har taɓi kaɗan ma su kai shi a matsayin zafi mai tsanani. Da zarar sun harzuƙa, lallashinsu sai da wahala. Manoman fadamar Haɗejiya sun san wannan: jinga tun ruwa bai iso ba ake ɗaga ta. Shi ya sa ake ba da maganin kamar awa 1 ko 2 kafin aiki, don wuƙa ta tarar da shi yana yawo cikin jini.

Yawanci farasitamol ne, wani lokaci a haɗa da maganin rage kumburi. Daga baya likitan barci zai yi allurar gadon baya wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Kada wani ya yi tsammanin zai tashi garau. Zafi zai zo, sai dai da sauƙi. Sannan ba lallai a cika mutum da manyan magunguna masu sa amai da magagi da taurin bayan gida ba. Wanda zafinsa ya yi sauƙi shi ne ke yarda ya taka ƙafar da wuri, kuma takawar nan ita ke hana gwiwa sanƙarewa, ta hana jini daskarewa a sha-raɓa.

To, ga inda ake kuskure. Wani da ya ji haka sai ya biya kemis ya sayi haɗi, ya afa tun daga gida. Wannan ganganci ne. Asfirin yana tsinka jini, ana iya shan wahalar tsayar da shi a wurin aiki. Diklofenak da ibufurofen suna tayar da gyambon ciki, suna kuma taɓa ƙoda, musamman ga tsofaffi. Duk abin da kake sha, ka faɗa wa likita: maganin hawan jini, na suga, jiƙo, sassaƙe, har da taramol in kana sha. Ba hukunta ka zai yi ba. Wanda jikinsa ya saba da taramol, awon da ke isar kowa ba ya isarsa. In ba ka iya faɗin sunan ba, zuba kwalayen a leda ka tafi da su.

Bayan aiki za a tambaye ka: daga 0 zuwa 10, zafin nawa ne? Mu dai an san mu da dauriya, mutum na cije leɓe yana cewa "da sauƙi". A nan dauriya ba ta da riba. In 7 ne, ka ce 7.

Aikin aji: kowa ya zo da kwalin farasitamol gobe. Za mu nemo inda aka rubuta 500mg, mu karanta tare. Babban mutum ba ya wuce ƙwaya 2 a sha ɗaya, ba ya wuce ƙwaya 8 a kwana guda. Lissafa a littafinka: in ya sha 2 da asuba, 2 da azahar, nawa suka rage masa?