Kurakuran da aka fi yi wajen shirya balaguron shaƙatawa a jirgin ruwa, da yadda za a gyara su

Idan aka bi diddigin ƙorafin mutanen da suka dawo daga balaguronsu na farko a jirgin ruwa na shaƙatawa, yawanci a wuri guda yake tsayawa: sun ga wani farashi a talla, suka ɗauka shi ne kuɗin tafiyar baki ɗaya, sai a daren ƙarshe aka miƙa musu lissafin da bai taɓa zuwa ransu ba. Manyan kamfanoni irin su Royal Caribbean da Carnival da Norwegian da MSC suna iya sayar da ɗaki da rangwame ne saboda sun san cewa kaso mai tsoka na ribarsu zai fito daga abin da fasinja zai kashe bayan ya shiga, wato abin sha, da intanet, da yawon gari, da hotuna, da wuraren cin abinci na musamman. Babu yaudara a cikin wannan tsari, domin komai yana rubuce a sharuɗɗan tikiti, sai dai kaɗan ne ke karanta su kafin su biya.

Kuskuren farko yana faruwa tun kafin a zaɓi jirgi. Farashin da ake nunawa kusan kullum na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin cewa mutum biyu za su kwana a ɗakin, saboda haka wanda zai tafi shi kaɗai yakan biya ƙarin da kan kai har ninkin farashin, sai fa idan jirgin yana da ɗakunan da aka keɓe wa masu tafiya su kaɗai. A kan wannan akwai haraji da kuɗin tashoshi, waɗanda wasu shafukan sayar da tikiti ba sa haɗawa sai an kai matakin biya. Gyaran abu ne mai sauƙi: kada a kwatanta jirgi da jirgi da farashin talla, a bi matakan sayen har zuwa shafin ƙarshe, a rubuta jimillar, sannan a ɗora tukuicin ma'aikata da kuɗin jirgin sama da na otal da na inshora. A duba kuma ko kuɗin kafin alƙalami ana mayar da shi idan aka fasa, domin farashin da ya fi araha galibi shi ne wanda ba a mayarwa. Cikon kuɗin kuwa akan buƙace shi kwana 75 zuwa 120 kafin tashi a tafiye-tafiye na mako guda, kuma daga wannan rana tarar fasawa takan riƙa hawa har ta cinye kuɗin gaba ɗaya.

Kuskuren da ya fi kowanne ciwo shi ne na takardu, saboda shi ne wanda ake mayar da mutum gida daga bakin jirgi, kuma ba a biyan sa ko sisi. Mutane da yawa suna tsammanin cewa idan ba su da niyyar sauka a wata ƙasa da jirgin zai tsaya, to ba sa buƙatar bizarta. A wurare da dama abin ba haka yake ba. Jiragen da ke tashi daga Seattle zuwa Alaska su dawo, alal misali, suna yada zango a Kanada, mafi yawa a Victoria, saboda wata dokar Amurka ta 1886 da ta hana jirgi mai tutar ƙasar waje ɗaukar fasinja a tsakanin tashoshin Amurka ba tare da ya taɓa tashar wata ƙasa ba. Fasinjan da fasfonsa ke buƙatar bizar Kanada dole ya riƙe ta ko da a ɗakinsa zai zauna har jirgin ya tashi. Haka nan a Bahar Rum, jirgin da ya tashi daga Italiya ko Girka ya leƙa Turkiyya ko Montenegro ya fita daga yankin Shengen ke nan, wato rukunin ƙasashen Turai masu bizar bai-ɗaya, don haka biza mai shiga sau ɗaya tana iya zama matsala wajen dawowa. A jera ƙasashen da ke cikin tafiyar ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar da sharaɗin kowace bisa fasfon da ake riƙe da shi, kuma a tabbata fasfon yana da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa. Akwai wasu sharuɗɗa biyu da iyalai kan manta: yawancin kamfanoni ba sa karɓar mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare, kuma ba sa karɓar jaririn da bai kai wata shida ba.

Sai batun isa tasha. Jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirginsa na sama ya makara, saboda haka sauka a garin a ranar tashi caca ce da kuɗin tafiyar duka, alhali kwana ɗaya a otal ya isa ya kawar da wannan fargaba. A kuma lura cewa sunan birnin da aka rubuta a talla sau da yawa ba nan jirgin yake tsayawa ba. Idan an ce Roma, tashar tana Civitavecchia, kimanin kilomita 80 daga birnin. Idan an ce Paris, Le Havre ake nufi, tafiyar kusan kilomita 200. Landan kuma galibi Southampton ce. Tun watan Agustan 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Venice, ta yadda wasu tafiye-tafiyen da ke ɗauke da sunan birnin daga Ravenna ko Trieste suke tashi. Mai son tsibiran Karibiyan kuma ya san cewa lokacin guguwar Atlantika yana farawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, wanda shi ne dalilin arahar wasu makonni, kuma kamfani yana da ikon canza hanya ko soke wata tasha ba tare da biyan diyya mai yawa ba.

Wajen zaɓen ɗaki, mutane sukan tsaya kan rukuni kawai, wato ɗakin ciki marar taga, ko mai taga, ko mai baranda, ko babban ɗaki mai falo, su manta cewa inda ɗakin yake a jikin jirgi ya fi rukuninsa tasiri a kan barcinsu. Kowane kamfani yana wallafa taswirar hawa-hawan jirginsa, kuma minti goma da za a ɓata a kanta sun fi duk wani hoton talla amfani. Abin da ake nema shi ne ɗakin da sama da shi ɗakuna ne, ƙasa da shi ma ɗakuna ne. Wanda ya faɗa ƙarƙashin wurin ninƙaya zai riƙa jin jan kujeru tun da asuba lokacin da ma'aikata ke shirya wurin, wanda ke saman zauren wasanni ko gidan rawa zai sha kiɗa har tsakar dare, wanda ke can goshin jirgi a hawan ƙasa kuma zai farka da rugugin injinan da ke juya jirgin duk safiyar da za a shiga tasha. Ɗaki mai ƙofar haɗi da na maƙwabci alheri ne ga iyali guda, amma ga baƙi biyu hanyar shigowar surutu ce.

Mai saurin jiri da tashin zuciya ya nemi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, domin gaba da baya da kuma saman jirgi ne suka fi lilo idan teku ta motsa. Abin mamaki shi ne ɗakunan sama sun fi tsada, don haka akwai wanda kan biya ƙarin kuɗi ya sayo wa kansa amai. Akwai kuma farashin da ake cewa an ba da tabbacin rukuni amma kamfani ne zai zaɓi ɗakin. Yana da araha, wani lokaci ma akan dace a ɗaga mutum zuwa rukuni na sama, amma a aikace abin da masu zaɓe suka bari shi ake rabawa, har da ɗakunan da kwale-kwalen ceto ya tare musu taga. A ganina wannan tsari ya dace da wanda barcinsa ke da nauyi kuma teku ba ta damun sa, ba da iyalin da ke son ɗakunansu su kasance kusa da juna ba. Baranda kuwa tana biyan kuɗinta a Alaska ko mashigan ruwan Norway, inda abin kallo yake wucewa ta gaban ɗaki duk yini; a tafiyar da kullum ake sauka da safe a dawo da yamma a gajiye, ɗakin ciki ya wadatar.

Ƙunshin abin sha, wato biyan kuɗi guda a kowace rana domin a sha yadda ake so, shi ne inda lissafi ya fi ruɗar mutane. Da farko, ba kowa ne ya san cewa ruwan sha da shayi da kofi na yau da kullum, da wasu nau'o'in lemo a wurin cin abinci na ɗibi-da-kanka, duk suna cikin kuɗin tikiti ba. Na biyu, ƙunshin ana sayen sa ne na dukkan kwanakin tafiyar, har da ranakun da mutum zai yini a gari. Na uku, a kan farashin ana ɗora tukuici na kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Na huɗu, wanda ya fi ba mutane haushi, kamfanoni da dama suna sharɗanta cewa idan babba ɗaya a ɗaki ya sayi ƙunshi mai giya, to sauran manyan da ke ɗakin ma sai sun saya. A ɗauki misali kawai: ƙunshi na dala 70 a rana, da ƙarin kashi 18, ya zama dala 82.60, a kwana bakwai ya kai kusan dala 578, na mutum biyu kuma ya haura dala 1,150. Idan kofin abin sha ɗaya yana kaiwa dala 14 da tukuicinsa, sai kowannensu ya sha kusan shida a kowace rana kafin a ce an mayar da kuɗi. Ba a kuma yarda a sayi ɗaya a riƙa shan sa mutum biyu ba, kuma Carnival ta ƙayyade abin sha mai giya 15 a cikin awa 24 ko da an biya ƙunshin.

Gyaran shi ne mutum ya faɗa wa kansa gaskiya a kan abin da yake sha a rana ta hutu, ya ninka da farashin ɗai-ɗai, ya cire ranakun sauka. Wanda ba ya shan giya ya duba ƙunshin lemon kwalba ko wanda ya haɗa da kofi na musamman da ruwan 'ya'yan itace, waɗanda sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma ya yi hattara da tallan da ke cewa an ba da abin sha kyauta, domin wani lokaci akan caje shi tukuicin ƙunshin da ba zai taɓa amfani da shi ba, sai idan ya cire shi lokacin saye. Idan an yanke shawarar saye, kafin tafiya ya fi sauƙi bisa cikin jirgi.

Tukuici shi ne abin da ya fi jawo cunkoso a teburin kula da baƙi a daren ƙarshe. A yawancin kamfanonin da ke aiki daga Amurka, ana ɗora wa kowane fasinja wani adadi a kowace rana kai tsaye, kimanin dala 16 zuwa 20 a ɗakuna na yau da kullum, kuma yara ma galibi suna ciki. Iyali mai mutum huɗu a tafiyar kwana bakwai, idan adadin dala 18 ne, za su biya dala 504. Kuskuren yana zuwa ta fuska biyu. Wasu ba su san da shi ba, sai su fusata su je a cire musu, ba tare da sanin cewa kuɗin ana raba shi ne tsakanin mai gyara ɗaki da masu kawo abinci da wasu ma'aikatan da fasinja ba ya gani, waɗanda da yawansu 'yan Filifin da Indonesiya da Indiya ne da ke shafe watanni a teku suna aiki kowace rana, kuma wannan kaso ginshiƙi ne a cikin abin da suke samu. Wanda aka yi wa hidima marar kyau ya fi dacewa ya kai ƙara a ranar da abin ya faru, lokacin da za a iya gyarawa. Wasu kuma sukan biya sau biyu, saboda rasit ɗin abin sha ko na wurin tausa yakan zo da tukuicin a ciki, sannan a bar wani layi na ƙari a ƙasa, mutum ya cike shi yana zaton bai ba da komai ba. Ƙarin kyauta hannu da hannu ga wanda ya yi ƙoƙari abu ne mai kyau, amma ba wajibi ba ne. Tsarin ma ba ɗaya ba ne a ko'ina: P&O Cruises ta Birtaniya ta daina cajin tukuici na daban tun 2019, kuma kamfanonin alfarma irin su Silversea da Regent Seven Seas suna haɗa shi a cikin tikiti, abin da ya kamata a tuna idan ana kwatanta farashi.

Sauran kurakuran ƙanana ne a baki amma suna da tsada. Wayar da aka bari a buɗe a tsakiyar teku takan kama hanyar sadarwar jirgi ta tauraron ɗan'adam, wadda kuɗinta ya wuce misali, don haka a sa ta a yanayin jirgin sama tun daga tashi. Asibitin jirgi na kuɗi ne, kuma inshorar da ba ta ambaci balaguron teku da kwashe marar lafiya ba tana iya ƙin biya. A ranakun sauka, agogon jirgi ake bi ko da ya saɓa da na gari, kuma akan buƙaci kowa ya dawo kimanin rabin awa kafin tashi. Jirgi yakan jira motar yawon da shi ya shirya idan ta makara, amma wanda ya fita da kansa shi zai nemi hanyar riskar jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Tun da yake duk saye a cikin jirgi da katin ɗaki ake yin sa, kuɗi yakan zurare ba a ji ba, saboda haka a riƙa duba lissafin a manhajar kamfanin ko a talabijin ɗin ɗaki kowane dare, a kai duk wani caji da ba a gane ba teburin kula da baƙi tun tafiya tana tsakiya, lokacin da layin bai yi tsawo ba kuma ma'aikacin da ya yi cajin yana nan a jirgin.