Sayen kyamara ta hannu a Kaduna: abin da za ka duba kafin ka yi tayi

Yawancin masu ɗaukar hoton biki da suna a Kaduna da kyamara ta hannu suka fara, domin kuɗin sabuwa ya fi ƙarfin mai koyo. Babu laifi a hakan. Canon 600D ta 2011, ko 60D ta 2010, ko Nikon D7100 ta 2013, duk har gobe suna fitar da hoton da amarya za ta yi alfahari da shi. Sai dai ƙyallin jiki ba ya nuna lafiyar kyamara. Abin da kake biya shi ne sauran ƙarfin da ya rage mata, kuma ana iya auna shi cikin rabin awa.

Ko a shagunan titin Ahmadu Bello ne, ko wajen Kasuwar Sheikh Gumi, ko wani ne ya tallata a Jiji ko Facebook, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da rana, da katin memori naka, da tocila, da laftof in kana da ita. Wanda ya ce sai ka tura kuɗi kafin ka gani, rabu da shi.

Fara da shata, wato ɗan labulen da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto. Kamar mitar tafiyar mota yake: kamfani yana faɗin adadin da aka gina shi ya jure. Canon 60D da 6D an ƙiyasta musu 100,000, 5D Mark II da Mark III 150,000, haka ma Nikon D7100 da D750. Wata takan wuce wannan adadi nesa, wata ta gaza kafin ta kai, amma shi ne ma'aunin da ake ciniki da shi. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto. Ka ɗauki sabon hoto, ka cire shi kai tsaye daga memori, ka loda a ɗaya daga cikin shafukan intanet masu karanta shi. Kada ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana goge bayanan. Yawancin Canon kuwa sai an jona su da kwamfuta ta wayar USB an karanta da manhaja. Lambar da ke jikin sunan hoto, irin su IMG_0421, ba ita ce adadin ba; kowa na iya mayar da ita farko.

Kyamarar da ta ci 20,000 cikin 100,000 yarinya ce. Wadda ta kai 90,000 sai ka saye ta da lissafin canjin shata, kuma ka tambayi mai gyara kuɗin aikin tun kafin ka yi tayi. A nan akwai tarkon da mutane da yawa ke faɗawa: kyamarar da aka yi shekaru ana bidiyo da ita adadin shatarta ƙarami ne, alhali sensarta, wato ɗan allon ciki da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, ta sha zafi. Ka duba bakin HDMI da na makirfo da ramin kusar da ake ɗaura ta a kan sanda mai ƙafa uku. In sun goge ko sun yi lakwaf, ta ci aikin bidiyo ko da mai ita bai faɗa ba.

Sai sensa. Ka saita ISO, wato ma'aunin jin hasken sensa, a kan 100, ka ƙuntata ƙofar haske zuwa f/22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, sannan ka faɗaɗa hoton a laftof. Ɗigo-ɗigo masu duhu ƙura ce, kuma a garin da hunturu ke lulluɓe komai daga Nuwamba zuwa Fabrairu kusan kowace kyamara tana da ita; ana gogewa. Dogon layi mai kaifi da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto kuwa yawanci karce ne daga wanda ya goge da auduga ko gefen riga, kuma wannan ba ya gyaruwa sai da canjin gilashi. Bar ta. Bayan haka ka rufe lens da murfinsa, ka ɗauki hoto na daƙiƙa 10. Ɗigon ja ko shuɗi biyu-uku a cikin baƙin ba abin damuwa ba ne. In sun yi yawa kamar taurari, ko ka ga layi daga sama zuwa ƙasa, sensar ta gaji.

Lens ma yana da nasa ciwon, kuma sau da yawa shi ne rabin kuɗin. Cire shi, ka haska tocila ta baya kana leƙawa ta gaba. Ƙura kaɗan ba ta hana komai. Abin gudu shi ne fari-farin zare mai kama da yanar gizo-gizo: fumfuna ce, wadda laimar damina ke haifarwa idan an kulle kaya a jaka wata da watanni, kuma tana cin fentin gilashi. Ka juya zum daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana kartar yashi, ka gwada fokas a kan abu na kusa da na nesa sau goma. Ka kuma lura cewa lens ɗin Canon mai alamar EF-S ba ya shiga 5D ko 6D, sannan ƙananan Nikon irin D3200 da D5300 ba su da injin fokas a jikinsu, don haka tsofaffin lens masu alamar AF-D da hannu za ka riƙa juya su.

Sauran gwajin da sauri ake yi. Danna kowane maɓalli, murza duk abin da ake murzawa, kunna filasha, ɗauki hotuna a jere, yi bidiyon minti biyar. Leƙa ɗakin batir: kore ko farin gari alamar ruwa ne. A 5D Mark II ka haska ramin katin memorinta, wato CF, ka tabbata babu allurar da ta lanƙwashe. Kawunan kusoshin da suka cinye suna nuna an taɓa buɗe ta. Ka tambayi dalili. Lambar da ke ƙasan kyamara kuma kada a ce ta goge ko an kankare.

Yanzu farashi. Abin da ake rubutawa a Jiji kuɗin da ake nema ne, ba wanda aka sallama ba. Shiga eBay ka tace sakamakon zuwa kayan da aka riga aka sayar, ka duba guda biyar zuwa goma na irin samfurin, ka ɗauki na tsakiya, ka kwatanta da na MPB ko KEH, masu sayar da kyamarorin hannu bisa daraja. Juya shi zuwa naira da canjin ranar. A ce misali ka samu dala 200, canji kuma 1,500: naira 300,000 ke nan, sai ka ɗora wani abu na dako da ribar mai shago. Daga nan ka fara ragewa: babu caja ta asali, batir ɗaya ne kuma ya gaji, babu murfi, sensa na son wanki, shata ya haura rabi. Kowanne ka nemo kuɗinsa a kasuwa ka cire, ka faɗa wa mai kaya dalla-dalla. Tayin da ke da hujja ba a cika ce masa albarka ba. Jaka da igiya da tsohon memori ba sa ƙara kuɗi, komai yadda aka jera maka su. In akwai dillali a tsakani, a fayyace wanda zai biya la'ada tun da wuri.

Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na kasuwa, babu caja, babu rasit, mai ita kuma yana gaggawa, wannan alamar kayan sata ce, kuma a hannunka za a kama ta. Ka nemi a rubuta takarda mai ɗauke da sunan mai sayarwa, da samfuri, da lambar kyamara da ta lens, da kuɗi, da sa hannun shaida. Ka biya ta banki domin shaidar ta zauna, kuma a rubuta cewa kana da kwana uku na gwaji, domin matsalar batir da ta zafi ba sa fitowa sai an wuni ana aiki.