Matakan Ziyartar Taj Mahal a Birnin Agra

Masu shirin tafiya Indiya, musamman sababbin ma'aurata, sun sha tambayata yadda ake ziyartar Taj Mahal, shahararren ginin kabarin nan na farin dutse. Ga matakan:

1. Ka zaɓi ranar da ba Juma'a ba, domin a ranar ba a buɗe wa masu yawon buɗe ido.

2. Ka sayi tikiti ta intanet, har da na shiga ɗakin kabarin, wanda kuɗinsa daban ne.

3. Ka hau jirgin ƙasa na Gatimaan daga tashar Nizamuddin da ke Delhi, wanda kan isa Agra cikin ƙasa da awa 2.

4. Ka kwana a Agra.

5. Ka isa Ƙofar Gabas da asuba riƙe da fasfonka, domin a ganina babu lokacin da farin dutsen ya fi kyau kamar sa'ad da hasken hantsi ya fara taɓa shi, kafin jama'a su cika wurin.

Gargaɗi: masu bincike a ƙofa ba sa barin abinci, taba ko babbar jaka su wuce, don haka ka bar su a masauki.

6. Ka sanya ledar rufe takalmi kafin ka hau dandamalin da ginin kabarin yake kai.

7. Kada ka yi amfani da kyamararka a ɗakin kabarin, domin an hana ɗaukar hoto a ciki.

8. Da la'asar, ka tsallaka kogin Yamuna zuwa lambun Mehtab Bagh domin kallon faɗuwar rana.