Kurakuran da ɗaliban kwaleji ke yi wajen karanta darasi, da yadda nake gyara su

Duk shekara idan aka koma lakwal a watan Oktoba, yaran da suka shigo siziyam, ajin farko na kwaleji, suna zo mini da halin karatu iri ɗaya, kuma da yawansu haka suke tafiya da shi har turuziyam, shekarar jarrabawar kammala kwaleji ta BEPC. Ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a nan Damagaram, na kuwa gaji da ganin yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa yana faɗuwa don kawai ba a taɓa nuna masa yadda ake karanta rubutun bayani ba, wato darasin tarihi, ko na labarin ƙasa, ko na SVT (kimiyyar halittu da ƙasa).

Babban kuskuren shi ne hadda ba tare da fahimta ba, abin da muke kira karatun aku. Hadda tana da gurbinta mai daraja: Alƙur'ani ana haddace shi harafi da harafi domin lafazinsa ake kiyayewa. Shi kuwa darasin labarin ƙasa ma'anarsa ake nema, kuma mai tsara jarrabawa yana da ikon juya tambaya yadda ya ga dama.

Wannan kuskuren ya ci mini shekara guda cur, shi ya sa ba na iya yin maganarsa da sanyin murya. Ina turuziyam na haddace duk abin da aka rubuta mana a tablo, ina kai da kawowa a ƙarƙashin fitilar bakin titi ina nanatawa har dare ya raba. Ranar jarrabawa aka ba mu jadawalin ruwan sama na wasu garuruwa, aka ce mu bayyana dalilin da ya sa ruwa ke raguwa idan aka nufi arewa. Na zazzage sakin layin da na haddace a kan yankunan yanayin Nijar, ban bar ko waƙafi ba, amma ban amsa tambayar ba. Amsar kuwa mai sauƙi ce: iskar damina mai ɗauke da danshi daga kudu maso yamma take tasowa, daga wajen tekun Gine, tana fara isa kudu, ta fi daɗewa a can, ƙarfinta na raguwa yayin da take hawa arewa. Duk wanda ya taɓa tafiya daga Magariya zuwa Tanut ya ga wannan da idonsa a tsawon karan hatsi. Ni ma na gani, amma ban taɓa haɗa abin da idona ya gani da abin da bakina ke nanatawa ba. Na maimaita aji, kuma har yau ina tuna shirun da mahaifina ya yi ranar da sakamako ya fito.

Bara na tambayi wani aji shekarar da aka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder, wato Damagaram, zuwa Yamai. Baki ɗaya suka amsa da 1926. Da na ce to me ya sa, sai aji ya yi tsit. Alhali a cikin dalilan da ake bayarwa akwai ƙarancin ruwa a garin nan, ga Yamai kuma a bakin kogi, kuma rabin yaran da ke gabana sun yi layin famfo da bido kafin su zo aji a safiyar ranar. Daga baya wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ashe wahalar ruwan nan ta daɗe haka?" A lokacin ne darasin ya shiga kanta.

Maganin da na riƙe, ban kuma ce kowane malami ya yarda da shi ba, shi ne yaro ya karanta sakin layi ɗaya tak, ya rufe kaye, ya faɗi abin da ya gane da Hausa, da bakinsa, kamar yana yi wa ƙanensa bayani. Idan ya kasa, bai gane ba, ko da zai iya rera Faransancin kamar waƙa. Sai ya buɗe ya sake. Idan ya iya da Hausa, sai ya mayar da shi Faransanci da kalmominsa, ko da jimlolin sun fito gajeru. Akwai abokan aikina da ke ganin shigar da Hausa yana raunana Faransancin yaro. Ni abin da na gani shi ne yaron da ya san abin da yake son faɗa ya fi saurin samo kalmar faɗarsa.

Kuma ku iyaye, ina roƙonku ku daina auna karatun yaro da ƙarar muryarsa a zaure. Uwa ba ta bukatar sanin Faransanci kafin ta ce, "Ɗana, rufe littafin nan ka gaya mini abin da aka koya muku yau." Idan ya yi ta kame-kame, ta riga ta gano inda matsalar take. Mu ma malamai muna da laifi, domin idan muka cika tablo da rubutu, muka ce a kwafa, sannan muka ba da maki ga wanda ya dawo mana da shi kalma da kalma, mu ne muka koya wa yaro karatun aku.

Kuskure na biyu da ke ɓata mini rai shi ne tsallake kalmar da ba a gane ba, musamman ƙananan kalmomin da ke ɗaure jimloli. Yaro zai ja layi a ƙarƙashin suna da shekara, ya wuce "parce que", "donc" da "cependant" kamar ba sa nan, alhali su ne ke nuna dalili, da sakamako, da saɓani. A darasin zazzaɓin cizon sauro, da yawa suna fita da cewa sauro ne cutar. Rubutun kuwa cewa ya yi macen sauron Anopheles ce ke ɗauko ƙwayar Plasmodium, ƙwayar ta fara zama a hanta, daga nan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini. Wanda bai bi wannan jeri ba ba zai iya bayyana dalilin da ya sa zazzaɓi ba ya tashi a ranar da aka yi cizon ba. Tun da littattafai ba sa isar kowa, kuma na aro ba a rubutu a cikinsu, ina sa ɗalibaina su ninka shafin kaye biyu: a hagu su rubuta tambaya ko kalmar da ta shige musu duhu, a dama amsa. Matambayi ba ya ɓata, amma yaron da ke jin kunyar tambaya a gaban aji yana iya miƙo mini shafin a ƙarshen darasi.

Sauran kurakuran ba sa bukatar dogon bayani. Mai jan layi da jan bik a ƙarƙashin kowace jimla bai zaɓi komai ba. Kalma biyu ko uku sun isa a sakin layi. Mai faɗawa cikin rubutu bai duba take da taswira da jadawali ba, ya ba su minti biyu tukuna, ya mayar da taken tambaya. Mai cakuɗa shekaru, irin 18 ga Disamba 1958 da aka kafa Jamhuriya da 3 ga Agusta 1960 da aka sami ƴancin kai, ya ja dogon layi a kaye ya jera su bi da bi. Waya kuma a ajiye ta a wani ɗaki har a gama.

Sai masu barin karatu har daren jarrabawa, su kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo. Saboda haka nake ce wa ɗalibaina su waiwayi darasi a yammacin ranar da aka yi shi, ko da na minti goma ne bayan la'asar, su sake bayan kwana biyu, sannan ranar Lahadi su rufe gefen dama na kayensu da tafin hannu su amsa tambayoyin hagu ɗaya bayan ɗaya.