Yadda Ake Tsara Hanyar Imel a cPanel: Ta Kowa Ko Ta Mutum Ɗaya

Makarantu da ofisoshi da dama a Katsina suna da imel mai ɗauke da sunansu, kuma ana iya sarrafa shi ta cPanel, wato shafin da ake shiga don kula da shafin yanar gizo da imel ɗin da ke ƙarƙashinsa. A sashen Email na cPanel akwai wurare biyu da ake gindaya wa saƙo ƙa'ida (filter), wato umarnin abin da za a yi da saƙo idan ya shigo. Global Email Filters na shafar duk akwatunan da ke ƙarƙashin asusun, Email Filters kuwa akwati ɗaya kawai. Ƙa'idar kowa ce ke fara tare saƙo, don haka abin da ta zubar ba zai taɓa kaiwa ga ta mutum ɗaya ba.

A ce iyayen yara na aiko da shaidar biyan kuɗin makaranta zuwa akwatin shugaba, alhali akanta ne ke buƙatarta. Wannan aikin akwatin shugaba ne kaɗai. Shiga Email Filters, danna Manage Filters a gefen adireshinsa, sannan Create a New Filter. Ba ta suna. A Rules zaɓi Subject da contains, ka rubuta kalmar da iyaye suka saba sawa. A Actions zaɓi Redirect to Email, ka sa adireshin akanta.

A nan ake yawan yin asara. Redirect ba ya barin kwafi, saƙon zai tafi gaba ɗaya. In shugaba na son nasa, danna alamar ƙari ka haɗa da Deliver to Folder, ka zaɓi Inbox. Kuma kada akwatin akanta ya zama yana mayar da irin saƙon ga shugaba, don sai ya yi ta kai-komo tsakaninsu.

Ƙa'idar kowa a bar ta ga abin da ya dami kowa, kamar adireshin ɗan damfara da ya addabi ma'aikata. Ko a nan ma a yi hattara da Discard Message, domin yana share saƙo ba tare da sanar da kowa ba. Gara Fail with Message, mai aikowa zai san saƙonsa bai shiga ba.

Daga sama zuwa ƙasa ake bin ƙa'idojin, kuma Stop Processing Rules na tsayar da na ƙasa. Da ka ajiye, liƙa saƙon gwaji a Filter Test ka danna Test Filter, sannan ka aiko da na gaske daga Gmail ɗinka ka duba akwatunan biyu.