Darasi na 9: Ciwon Damuwa da Aikin Nas

Ɓacin rai ba baƙon kowa ba ne. A yi rasuwa ko kasuwa ta ƙi, mutum ya kwana biyu ba walwala, daga baya ya ware. Ciwon damuwa daban yake. Idan ƙuncin zuciya ya kai mako 2 ko fiye, kusan kullum, har abin da mutum yake so ya fita daga ransa, to ya zama ciwo, kuma yana da magani.

A ɗauki misalin ɗan acaɓa mazaunin Agege, wanda sana'arsa ta tsaya bayan gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022. Ya daina zuwa teburin mai shayi. Tuwo ya huce a gabansa bai taɓa ba. Tun kafin kiran sallar farko idonsa biyu, barci ya ƙi dawowa. Idan an tambaye shi, ba zai ce yana cikin damuwa ba. Cewa zai yi kansa na ciwo, jikinsa ya mutu. Sai a yi ta ba shi maganin zazzaɓi wata da watanni. Haka ma maijego, wani lokaci ciwon yakan kama ta bayan haihuwa, a ce shagwaɓa ce.

Masu cewa raunin imani ne suna ƙara wa majinyaci nauyi. A yi addu'a, a kuma je asibiti.

A Legas akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, wanda ya samo asali tun 1907, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Idi-Araba. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Nas ɗin lafiyar ƙwaƙwalwa takan fara da sauraro. Za ta tambayi barci, cin abinci, da ko ana shan tiramol ko wani abu don a manta. Takan kuma tambaya kai tsaye: “Malam, ka taɓa tunanin kashe kanka?” Kada dangi su ji haushi. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, dama take ba shi ya faɗi abin da ya daɗe yana ɓoyewa.

Likita ne ke rubuta magani, amma nas ce ke zama ta yi bayaninsa. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: maganin yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, sai mutum ya sha na kwana 5 ya ce ba ya aiki. Kada a daina, ko an ji sauƙi, sai da izinin likita. Idan yana sa jiri ko bushewar baki, a gaya wa nas.

Wanda ba ya jin Turanci ko Yarbanci ya tafi da amintacce da zai yi masa tafinta. Wanda kuwa ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar ko a kira lambar agajin gaggawa ta 112.

Aiki: Rubuta alamu 3 na ciwon damuwa, ka karanta wa na kusa da kai.