Su Fara Faɗa da Baki Kafin Su Rubuta: Yadda Nake Koyar da Gabatarwa da Rubutun Bincike da Turanci

A makon farko na zangon karatu ba na barin ɗalibaina su ɗauki biro. Kowa zai miƙe ya gaya mini da Turanci, cikin jimla ɗaya tak, abin da yake son ganowa a bincikensa. Wanda ya ce "my topic is climate change" nakan ce masa ya zauna ya sake tunani, domin take ya ba ni, ni kuwa tambaya nake nema. Wadda ta ce tana son gano dalilin da ya sa ɗalibai ke rage zuwa laburare bayan shekararsu ta farko, wannan ta kama hanya, ko da Turancinta ya karye sau uku kafin ta kai ƙarshen jimlar. Shekarun da na yi a aji sun tabbatar mini cewa ɗalibin da ya kasa faɗin bincikensa da baki ba zai iya rubuta shi ba. Zai dai cika shafuka da maganganun wasu. Shi ya sa na daina raba darasin gabatarwa da darasin rubutu, na haɗe su, kuma baki ne ke shiga gaba.

Ya kai abokin aiki, idan za ka gwada wannan hanya, fara da jawabin minti 3. Ba ni na ƙirƙiro shi ba. Jami'ar Queensland da ke Ostareliya ce ta fara gasar a shekarar 2008: ɗalibi zai bayyana bincikensa cikin minti 3, da silaid guda ɗaya wanda ba ya motsi, a gaban mutanen da ba fanninsu ba ne, kuma wanda ya wuce lokaci ya fita daga gasar. Ni ba gasa nake yi ba, amma ƙa'idojin nan na ɗauka ba tare da na rage komai ba. Mutum mai magana a natse yakan furta kalmomi wajen 130 zuwa 150 a minti ɗaya, don haka nakan ce kada abin da za su faɗa ya wuce kalma 400. Da sun ji wannan adadi sai hankalinsu ya tashi, su ce ba zai isa ba. To a nan ne aikin yake. Dole ɗalibi ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci ya zubar da saura, kuma wannan zaɓen shi ne tunanin da muke so ya koya.

Su rubuta jawabin gaba ɗaya tukuna, sannan ka karɓe takardar. Abin da za su riƙe a hannu ranar gabatarwa ɗan kati ne mai kalmomi biyar ko shida. Hadda ba ta ceton kowa a nan. Na sha ganin ɗalibi ya haddace shafi biyu tsaf, wani ya yi tari a bayan aji, kalma ɗaya ta kuɓuce masa, shi ke nan ya tsaya cak ya rasa gaba ya rasa baya. Wanda ya riƙe ma'ana kuwa, in kalma ta ɓace zai lalubo wata.

Kowane jawabi a ɗauke shi a waya, kuma mai jawabin ya fara kallon kansa shi kaɗai kafin kowa ya ce masa uffan. Zai ga da idonsa cewa ya juya wa mutane baya, ko yana haɗiye ƙarshen jimla, kuma gyaran da mutum ya gano da kansa ya fi zama. A aji kuma ba na tambayar 'yan'uwansa ko jawabin ya yi kyau, domin kowa zai ce ya yi. Nakan nuna mutum ɗaya in ce: me ya ce yana bincike a kai, kuma me ya gano? Idan amsar ta yi daidai, saƙo ya isa. Idan an samu amsoshi uku mabambanta, mai jawabin ya ji da kunnensa inda ya ɓatar da mutane. In aji ya yi yawa, raba su biyar-biyar, ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya riƙe waya, kai kuma ka riƙa zagayawa.

Batun lafazi ba na ɓata masa lokaci mai yawa, kuma ba na yarda a yi wa kowa dariya a kansa. Kowane mai koyon Turanci yana ɗauke da tasirin harshensa na farko, mu namu ya fi fitowa a p da f. Abin da ya fi hana a fahimci mutum shi ne ɗora nauyin murya a gaɓar da ba ita ba. A kalmar "develop" da "analysis" nauyin yana kan gaɓa ta biyu ne, amma ɗalibai da yawa sukan kai shi wani wurin. Nakan ce kowa ya fitar da kalmomi goma da ba makawa sai ya faɗe su a fanninsa, ya saurari yadda ake furta su a ƙamus na intanet, ya maimaita har su zauna a bakinsa. Goman nan sun ishe shi a wannan mataki. Sai kuma 'yan jimlolin da ke nuna wa mai sauraro inda aka dosa, irin su "let me turn to the results" da "what this means is". Waɗannan kam a haddace su, babu laifi.

Silaid kuwa, doka ɗaya nake kafawa: abin da ka rubuta a allo kada ka karanta mana shi. Taken kowane silaid ya zama cikakkiyar jimla mai ɗauke da saƙo, ƙarƙashinsa hoto ko jadawali guda. Masu son cika allo da rubutu ina da maganinsu, wato tsarin PechaKucha da aka fara a birnin Tokyo a 2003: silaid 20, kowanne daƙiƙa 20, yana wucewa da kansa, jimilla minti 6 da daƙiƙa 40. Ɗalibi ya yi wannan sau ɗaya, ba sai ka sake yi masa magana a kan yawan rubutu ba.

Kada ka manta da lokacin tambayoyi, domin nan ne gwiwa ke sanyi ranar kare kundi. Koya musu su maimaita tambayar da kalmominsu kafin su amsa. Hakan na tabbatar da cewa sun fahimta, yana kuma ba su 'yan daƙiƙu na tunani. Su kuma san cewa faɗin "that is outside the scope of this study" ba abin kunya ba ne idan gaskiya ce. Kame-kame ne ke zubar da mutum a gaban masu jarrabawa.

Yanzu sai rubutu, kuma da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. A makon da aka yi jawabin, kowa ya saurari muryarsa ya kwafe abin da ya faɗa kalma bayan kalma. Wannan takarda ita ce ƙashin bayan babin gabatarwa na kundinsa. Daga nan nake shigo da tsarin da masanin harshe John Swales ya bayyana a 1990 bayan ya nazarci gabatarwar maƙalun bincike. Ya nuna cewa marubuta kan yi taku uku: su nuna cewa fagen yana da muhimmanci kuma ga abin da aka riga aka yi, su nuna giɓin da aka bari, sannan su faɗi yadda aikinsu zai cike shi. Ba na yin lacca a kan wannan. Nakan ce kowa ya kawo maƙala biyu da aka buga a mujallar fanninsa, da alƙalami kala uku, ya ja layi a ƙarƙashin kowane taku da kalarsa. Ba a daɗewa wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, duk inda giɓin yake sai na ga however." Ranar da ɗalibi ya gano wannan da kansa, ya daina kallon maƙala a matsayin abin tsoro, ya fara ganin yadda aka gina ta.

Sauran sassan, wato hanyoyin gudanar da bincike, sakamako da tattaunawa, nakan ce a fara da hanyoyi, domin labarin abin da ɗalibi ya yi da hannunsa ne, kuma galibi da sigar abin da ya wuce ake rubuta shi. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin da ake sawa a farkon kundi, shi ne na ƙarshe da ake rubutawa.

Inda nake daɗewa shi ne bitar ayyukan da suka gabata, saboda nan ne satar fasaha ke shigowa. Yawancin waɗanda na kama da kwafe ba mugunta ba ce ta sa su, tsoro ne. Ɗalibi ya ga jimlar masani ta tsaru, ya dubi tasa ya ga ba ta kai ba, sai ya ɗauke ta. Barazana da Turnitin, manhajar da ake duba kwafe da ita, ba ta cire wannan tsoro, ita kamanceceniya take nunawa, ba ta koya wa kowa rubutu. Abin da nake sa su yi shi ne jadawali: marubuci, shekara, tambayarsa, hanyarsa, abin da ya gano, sai gurbi na ƙarshe na abin da ɗalibin yake gani game da aikin. Wannan gurbin ba na yarda a bar shi fanko. Sannan atisayen rufe littafi: ka karanta sakin layi, ka kife takardar, ka gaya wa na kusa da kai abin da aka ce, ka rubuta abin da ka faɗa, daga nan ka buɗe ka gwada, ka saka madogara. Ka ga baki ya sake shiga gaba. Haka kuma nake yi da rubutun da nake zargin manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta yi shi. Nakan kira ɗalibin in ce ya bayyana mini wannan sakin layin da bakinsa. Jera manazarta kuwa, su sauke manhajar Zotero tun makon farko, kyauta ce, kuma tana tsara su bisa salon APA bugu na 7 da ya fito a 2019, ko duk salon da sashensu ke bi.

Akwai wani abu da ɗalibai ke raina shi, alhali mai duba aiki da shi yake gane wanda ya balaga a bincike: sassauta iƙirari. Wanda ya tambayi mutum 50 ba shi da ikon rubuta "this proves". Abin da ya dace shi ne "this suggests" ko "may indicate". Nakan ba su jimloli masu tsauri su sassauta, in kuma tura su rumbun jimlolin ilimi na Jami'ar Manchester da ke intanet, su ga yadda ake faɗin irin wannan. Domin faɗaɗa kalmomi kuma akwai jerin da Averil Coxhead ta fitar a shekarar 2000, mai iyalan kalmomi 570 da ke yawan fitowa a rubutun ilimi. Kada ka ba su haddarsa. Su riƙa tsintar kalmomin a maƙalun da suke karantawa.

A shekarun farkona nakan cika takarda da jan biro, kowane "the" da ya ɓace sai na saka shi. Wata ɗaliba mai ƙwazo ta karɓi aikinta a haka, ba ta sake kawo mini daftari ba sai da wa'adi ya cika, kuma har yau abin yana damuna. Tun daga nan na raba gyara gida biyu. A daftarin farko ba na taɓa nahawu, tambayoyi kawai nake rubutawa a gefe: ina hujjarka, me ya haɗa wannan sakin layin da na sama? A na biyu nakan zaɓi kurakurai uku da suka fi maimaituwa, in gyara su a shafin farko kaɗai, ɗalibin ya bi sauran shafukan ya nemo irinsu. Kafin ya miƙa na ƙarshe, ya karanta shi a bayyane ga abokinsa, duk inda numfashinsa ya ƙare kafin jimla ta ƙare, ya raba ta biyu.

A makon ƙarshe kowa zai sake jawabin minti 3, da silaid ɗaya, wannan karon da sakamako a hannu. Ka ce su adana bidiyon jawabinsu na farko tun ranar da aka ɗauka, kada su goge shi, domin za a kunna shi dab da kowa zai miƙe.